Aikatau "Acknowledge" na Ingilishi: Ma'anarsa da Sharhi a kan Yadda Ake Fassara Shi da Hausa

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce a ɗauki aikatau guda ɗaya na Ingilishi, watau "acknowledge", a duba abin da yake nufi a bakin masu harshen, sa'an nan a yi sharhi a kan yadda aka saba juya shi zuwa Hausa a labaran rediyo da jaridu da takardun ofis. Abin da ya jawo hankali gare shi shi ne, da yawa daga cikin masu fassara sun ɗaure shi da kalmomi biyu rak, "yarda" da "amince", duk inda suka ci karo da shi sai su ɗauko ɗaya daga ciki su liƙa. Sau da yawa jimlar takan fito sumul, ba wanda zai ce an karya nahawu, amma an sa wa mai magana abin da bai faɗa ba a baki.

Ra'ayin da za a kare a nan shi ne, ainihin ma'anar wannan aikatau ita ce mutum ya nuna wa wani a fili cewa abu ya iso gare shi, ya kuwa san da shi. Ko wannan nunawa za ta kai ga yarda, ko kuwa za ta tsaya ga jin magana kurum, karɓaun da ya biyo bayan aikatau ɗin ne zai yanke hukunci. Misalan da aka sa wa lamba, ban da waɗanda aka ambaci takardun da suka fito daga ciki, an ƙaga su ne domin bayani.

2.0 Asalin Kalmar da 'Yan'uwanta

Masana tarihin Ingilishi sun nuna cewa kalmar ta fara bayyana a rubuce wajen ƙarshen ƙarni na 15, kuma ta samu ne daga haɗuwar tsofaffin aikatau biyu, "aknow" da "knowlechen". Na farkon ya taso daga wata kalma da ta girme shi, "oncnawan", mai nufin ganewa, na biyun kuwa yana nufin furta abin da aka sani. Dukansu biyu saiwarsu ɗaya, watau "know", sani. Ashe ke nan tun daga haihuwarta kalmar tana ɗauke da abu biyu, sani da kuma bayyana sanin.

'Yan'uwanta na kusa duk daga Latin suka zo. "Recognize" asalinsa sake sanin abin da aka taɓa sani, "admit" asalinsa barin abu ya shigo, "accept" asalinsa karɓa, "confess" kuwa furta laifi ko aƙida. Kama da wane dai ba ta wane, kuma jimla ɗaya ta isa ta nuna inda aka rabu:

(1) He recognized me but he did not acknowledge me.
Ya gane ni, amma ya yi kamar bai gan ni ba.

Ganewa a nan ta auku a zuci, ba mai iya hana ta, ba kuma mai ganinta. Abin da mutumin ya hana shi ne alamar waje, ko ɗaga hannu, ko murmushi, ko sallama. Wannan bambanci ne masanin falsafar nan na Amurka, Stanley Cavell, ya gina wata maƙalarsa a kai a littafinsa na 1969, inda ya nuna cewa sanin ciwon wani daban, nuna masa ka sani daban, domin na biyun yana bukatar ka aikata wani abu. Kafin shi J. L. Austin, a laccocinsa da aka buga a 1962, ya ware wani rukuni na aikatau waɗanda furta su shi ne aikata su, kamar alkawari da rantsuwa. Aikatau ɗinmu yana shiga wannan rukuni, gama wanda ya rubuta "I acknowledge" ya sa hannu, to ya riga ya aikata, ba sauran jiran wani abu.

3.0 Fuskokin Ma'ana

Ana iya karkasa amfanin kalmar gida biyar, gwargwadon irin abin da ya zo a gurbin karɓau.

3.1 Isowar saƙo

(2) We acknowledge receipt of your letter.
Wasiƙarka ta same mu.

Wannan ita ce fuskar da ta fi yawa a takardun ofis, ita ce kuma ta fi sauƙin nauyi. Ofishin bai ce ya karanta wasiƙar ba, balle ya ce ya gamsu da abin da ke ciki. Idan aka fassara jimlar da "mun amince da wasiƙarka", aka miƙa wa mai neman aiki ko wanda ya kai koke a kan gonarsa, to zai koma gida da murnar abin da ba a ba shi ba. Irin wannan ma'ana ce injiniyoyin kwamfuta suka ara, inda na'urar da ta karɓi saƙo a intanet take mayar da 'yar alama mai suna ACK, wadda iyakar abin da take cewa shi ne saƙo ya iso.

3.2 Amsa gaskiyar magana

(3) The minister acknowledged that the work had been delayed.
Ministan ya amsa cewa aikin ya yi jinkiri.

Abin lura a nan shi ne matsayin mai ba da labarin. Ɗan jaridar da ya zaɓi "said" bai ɗauki gefe ba, wanda ya zaɓi "claimed" ya nuna yana shakka, wanda kuwa ya zaɓi "acknowledged" ya nuna cewa shi kansa ya ɗauki jinkirin gaskiya ne, kuma an riga an yi maganarsa kafin ministan ya buɗe baki. Ta wannan fuska kalmar ta yi kusa da rukunin aikatau da Paul da Carol Kiparsky suka yi nazari a 1970, waɗanda suke ɗaukar jimlar da ta biyo bayansu tamkar tabbatacciya. Ta fi "admit" sauƙi, don shi yana nuna an matsa wa mutum kafin ya amsa, ta kuma fi "confess" sauƙi nesa ba kusa ba.

3.3 Tabbatar da matsayi ko haƙƙi

(4) He acknowledged the boy as his son.
Ya amsa cewa yaron ɗansa ne.

(5) They acknowledged him as their leader.
Sun sallama masa shugabanci.

A nan ne kaɗai "amince" yake iya zama daram, musamman a misali na (5), inda "mubaya'a" ma za ta shiga idan zancen sarauta ake yi. Alamar wannan fuska a nahawu ita ce zuwan "as" ko "to be" bayan karɓau.

3.4 Godiya da ambaton madogara

(6) The author acknowledges the help of his teachers.
Mawallafin yana godiya ga malamansa bisa taimakon da suka yi masa.

Shafin da ake kira "Acknowledgements" a farkon littafi tuni ɗalibanmu suka san shi da "Godiya", kuma sun yi daidai. Idan kuwa maganar inda aka samo bayani ce, sai a ce marubuci ya ambaci madogararsa.

3.5 Amsa gaisuwa

(7) She acknowledged the greeting with a nod.
Ta amsa gaisuwar da ka.

Idan aka jera fuskokin nan biyar za a ga zare ɗaya ya ratsa su. A kowacce akwai abin da ya zo daga wani, ko wasiƙa, ko zargi, ko haƙƙi, ko alheri, ko gaisuwa, sa'an nan wanda abin ya zo wa ya nuna a fili cewa ya iso. Nauyin da ya hau kansa bayan nunawar shi ne ya bambanta, daga babu kome a (2) har zuwa gado da nasaba a (4).

4.0 Yadda Karɓau Yake Yanke Hukunci

Domin kada a ɗauka wannan wasa da kalmomi ne na malaman harshe, bari mu duba takardun hukuma inda makomar ƙasashe da dukiyar mutane suka rataya a kan wannan aikatau.

4.1 Yarjejeniyar Faris ta 1783

A ranar 3 ga Satumba 1783 aka sa hannu a Faris a kan yarjejeniyar da ta kawo ƙarshen yaƙin neman 'yancin Amurka. Sashe na farko ya ce Sarkin Ingila

(8) acknowledges the said United States ... to be free sovereign and independent states

Karɓau a nan jihohin ne da kansu, ga kuma "to be" ya biyo baya, kamar dai yadda aka gani a 3.3. Saboda haka babu laifi a ce Sarkin Ingila ya amince da 'yancinsu, ya kuma sallama, tun da a sashen nan ne ya janye duk wata da'awa tasa a kan mulkinsu da ƙasarsu.

4.2 Sanarwar Shanghai ta 1972 da ta 1979

A ranar 28 ga Fabrairu 1972, a ƙarshen ziyarar Shugaba Nixon ƙasar Sin, aka fitar da sanarwar haɗin gwiwa a Shanghai. Maganar tsibirin Taiwan ita ce ta fi ba su wuya, ga yadda Amurka ta faɗi nata:

(9) The United States acknowledges that all Chinese on either side of the Taiwan Strait maintain there is but one China and that Taiwan is a part of China.

Mu lura da ginin jimlar. Abin da aka amsa shi ne cewa Sinawan ɓangarorin biyu suna riƙe da wannan ra'ayi. Aikatau "maintain" ya shiga tsakani ya zama katanga, ta yadda gaskiyar da Amurka ta amsa ita ce samuwar ra'ayin a wurin masu shi. Jimlar da ta biyo baya ta ƙara da cewa gwamnatin Amurka ba ta ƙalubalantar wannan matsayi, wanda shi ma bai kai ga cewa ta ɗauke shi nata ba.

A sanarwar ƙulla hulɗar jakadanci, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Janairu 1979, sai aka jera aikatau biyu a takarda ɗaya. Amurka ta yi amfani da "recognizes" ga gwamnatin Jamhuriyar Jama'ar Sin a kan ita kaɗai ce halaltacciyar gwamnatin ƙasar, ta kuma yi amfani da "acknowledges" ga "the Chinese position", watau matsayin Sin game da Taiwan. A matanin Sinanci na 1972 an fassara kalmar da "renshi dao", mai nufin fahimta ko sanin abu, amma a na 1979 sai aka sa "chengren", wadda ita ce kalmar amincewa, aka yi amfani da ita ga aikatau ɗin duka biyu. Da 'yan Majalisar Dattawan Amurka suka ta da maganar a 1979, Warren Christopher, Mataimakin Sakataren Harkokin Waje na lokacin, ya shaida musu cewa matanin Ingilishi shi ne abin dogaronsu. Sauran ƙasashe ma haka suka yi ta auna kalmomi a kan wannan batu: Kanada a 1970 ta ce ta lura da matsayin Sin, Japan a 1972 ta ce ta fahimce shi sarai tana kuma girmama shi.

To, mai fassarar da ya karanta wa masu sauraronsa cewa "Amurka ta amince Taiwan yankin Sin ne" ya shiga cikin gardamar ba da saninsa ba, ya zaɓi karatun ɓangare ɗaya ya sa shi a bakin ɗayan. Wanda kuma ya ce "Amurka ta ji maganar Sin kawai" shi ma ya ƙara gishiri, domin "kawai" ɗin nan babu shi a matani. Abin da ya fi kusa da amana shi ne a ce Amurka ta amince da gwamnatin Sin, ta kuma bayyana cewa ta san da matsayin Sin a kan Taiwan.

4.3 Ƙudurin Hawai da dokar bashi ta Ingila

A watan Nuwamba 1993 Majalisar Amurka ta zartar da ƙuduri domin cika shekara 100 da kifar da sarautar Hawai, abin da ya faru ranar 17 ga Janairu 1893. Ƙudurin ya jera "acknowledges" da "apologizes" dabam-dabam, wanda ya nuna amsa abu bai zama neman gafara ba sai an faɗa. Karɓaun aikatau ɗinmu a nan shi ne muhimmancin al'amarin a tarihi. Da rikicin filaye ya kai gaban Kotun Ƙolin Amurka, sai ta yanke hukunci a 2009 cewa aikatau shida da ke cikin wannan sashe na ƙudurin kalmomin rarrashi ne da fata, ba su ba kowa wani sabon haƙƙi a kan filayen ba.

Mu kwatanta wannan da dokar ƙayyade wa'adin kai ƙara ta Ingila ta 1980. Mai bin bashi na yarjejeniya yana da shekara 6 ya kai ƙara. Amma sashe na 29 da na 30 sun tanadi cewa idan wanda ake bi ya amsa bashin a rubuce ya sa hannu, muddin wa'adin bai riga ya ƙare ba, to lissafin shekarun zai koma farko daga ranar. Aikatau ɗin da dokar ta yi amfani da shi shi ne dai "acknowledge". Ga kalma ɗaya, a wancan wuri ba ta ɗora wa gwamnati ko kwabo ba, a nan kuwa ta zama zarar bunu, ta ɗaure mai ita shekara shida cur. Abin da ya raba su shi ne karɓau, da kuma dokar da ta kewaye maganar.

5.0 Abin da Hausa Ta Tanada

5.1 Amsa

A ganina kalmar Hausa da ta fi kusa da zuciyar wannan aikatau ita ce "amsa", kamar yadda misalai na (3), (4) da (7) suka nuna. Ana amsa sallama, ana amsa kira, ana amsa laifi, kuma a kowanne wani ne ya fara. Wani abin sha'awa shi ne, bisa tsarin giredin aikatau da F. W. Parsons ya fitar a 1960, saiwar tana da rassa biyu: a giredi na 1 tana nufin mayar da jawabi, a giredi na 2 kuwa tana nufin karɓa, kamar a "ya amshi kuɗi". Ita ma "karɓa" haka take a wasu kare-karen harshe, inda ake karɓa sallama, ake kuma kiran 'yan amshi da 'yan karɓi. Hausa ke nan ta riga ta haɗa isowar abu da nuna isowarsa a saiwa ɗaya.

5.2 Ji

Ga fuskar da ta tsaya ga sanin matsayin wani, Bahaushe yana da "na ji". Idan magabata suka je neman aure uban yarinya ya ce, "To, na ji, ku ba ni lokaci," ba wanda zai tashi ya ce an ba su, ba kuma wanda zai ce an hana su. Sai dai akwai tarko. "Na ji" daga babba zuwa ƙarami tana barin ƙofa a buɗe, amma daga ɗa zuwa mahaifinsa tana nufin biyayya. Don haka a tsakanin ƙasashe, inda ba a son a nuna wani na gaba da wani, "ta san da" ta fi ta tsaro.

5.3 Iƙirari

Ga fuskar shari'a, tun kafin zuwan Turawa muna da "iƙirari", daga Larabci. Malaman fiƙihu sun raba labari gida uku: wanda mutum ya bayar a kan kansa domin amfanin wani shi ne iƙirari, wanda ya bayar domin amfanin kansa a kan wani shi ne da'awa, wanda kuwa ya bayar domin wani a kan wani shi ne shaida. Muhtasar na Halil, wanda alƙalanmu suke komawa gare shi, yana da babi a kan iƙirari, zancen amsa nasabar ɗa kuma ya biyo bayansa nan take, watau daidai abin da muka gani a 4.3 da misali na (4). Malaman tauhidi ma sun bambanta gaskatawa a zuci da iƙirari da harshe, wanda shi ne bambancin da ke cikin misali na (1).

Abin takaici shi ne, a Hausar labarai ta yau kalmar ta juya baya. Ana jin "ya yi iƙirarin shi ya ci zaɓe", ko "ƙungiyar ta yi iƙirarin kame garin", inda ake nufin da'awa wadda ba a tabbatar ba. Watau an ɗauki kalmar da ta dace da "acknowledge" an ba "claim", alhali kuwa su biyun kishiyoyin juna ne ta fuskar matsayin mai ba da labari. Da aka rasa ta a gurbinta, sai aka tura "amince" ya cike, shi kuwa daga saiwar aminci da amana yake, yana ɗauke da gamsuwar zuciya da ba da izini. Kuskure ɗaya ke nan ya haifi na biyu.

6.0 Wani Hanzari

Mai yiwuwa wani ya ce mai fassarar labarai minti kaɗan gare shi, ba shi da sukunin wannan tankaɗe da rairaya, kuma harshe rayayye ne, idan jama'a sun karɓi sabuwar ma'anar "iƙirari" ba malamin da zai iya kwace ta. Kashi na biyu na wannan hanzari yana da ƙarfi, shi ya sa ma ba a ba da shawarar a mayar da kalmar cikin labarai da tsohuwar ma'anarta ba, don mai sauraro zai fahimci akasin abin da ake nufi. A bar ta a kotu da littattafan shari'a, inda har yanzu ma'anarta ta asali take da rai. Kashi na farkon kuwa bai tsaya ba, domin abin da ake bukata bai wuce tambayoyi uku ba. Mene ne ya zo a gurbin karɓau, abin ne da kansa ko kuwa ra'ayin wani a kansa? Wa ya fara ta da maganar? Wane nauyi ne ya hau kan mai magana bayan ya furta? Wanda ya saba da su zai amsa su kafin ya kai ƙarshen jimla.

Haka nan ba a ga dalilin ƙirƙiro sabuwar kalma guda da za ta ɗauke fuskokin nan biyar ba. Ingilishi ya tara su a kalma ɗaya ya bar wa muhalli aikin rarrabewa, Hausa kuwa ta rarraba su tun a bakin mai magana. Inda aka yi harshen damo da gangan, kamar a (9), aikin mai fassara shi ne ya nemi lafazin da zai bar maganar a buɗe daidai yadda masu ita suka bar ta.

7.0 Kammalawa

An nuna a wannan takarda cewa "acknowledge" yana tsaye ne a tsakanin sani da yarda, kuma karɓaunsa ne yake nuna gefen da ya karkata. An ba da shawarar a yi amfani da "samu" ko "iso" ga saƙo, "amsa" ga gaskiyar magana da gaisuwa, "amince" ko "sallama" ga matsayi, "godiya" ga alheri, "san da" ga ra'ayin wani, "iƙirari" kuma ga harshen kotu. Ana kira ga masu shirya ƙamus na Ingilishi da Hausa su riƙa jera irin waɗannan aikatau tare da karɓaunsu da cikakkun jimloli, haka kuma malaman fassara a jami'o'i da kwalejojin ilmi su sa ɗalibai su gwada hannunsu a kan takardun hukuma na gaske irin waɗanda aka kawo a sashe na 4.0. Sauran 'yan'uwan kalmar, musamman "regret" da "note" da "concede", suna jiran irin wannan nazari daga mahalarta wannan taro.